Salula na ƙarasa maka magana, amma da Hausar wa?

A saman madannan kowace babbar salula akwai wani siririn layi mai gurbi uku. Da ka taɓa harafi sai kalmomi uku su leƙo a cikinsa suna jiran yatsanka. Wani lokaci ma ba su jira. Kana danna tazara, ta tsakiyar ta faɗo cikin saƙon ta ture wadda ka rubuta, kai kuma sai bayan ka aika ka lura. Yawancin mutane ba su san sunan abin ba, sun dai san waya tana "gyara" masu rubutu.

A Galmi ta Nijar, idan albasa ta fito, manyan motoci kan jeru a bakin kwalta ana loda masu buhunan da za su Abijan da Akra. Ɗauki saurayin da mahaifinsa ya turo ya tsaya a kan lodi, yana so ya shaida wa tsohon halin da ake ciki. Abin da ke bakinsa shi ne: "Baba, tun da sahe munka iso lahiya, an hwara lodi, direba shina nan." Salularsa da Faransanci aka saita ta, kamar akasarin salulolin Nijar. Ba ta san "munka" ba, ba ta san "sahe" ba, sai ta riƙa lalubo kalmar Faransanci da ta fi kama da su tana liƙa masa, shi kuma yana gogewa yana tsaki. In ya yi dace wani ya nuna masa yadda ake juya madannan zuwa Hausa, faɗan zai lafa, amma wani abu daban zai soma. Yanzu layin na miƙo masa "safe" da "muka" da "lafiya" da "fara" da "yana". Duk Hausa ce, ba kuskure ko ɗaya. Taɓa su ya fi sauƙi a kan buga harafi ɗaya-ɗaya da yatsa mai ƙura, ga ƴan lodi na ƙwala masa kira. Sai ya taɓa. Saƙo ya je, an karanta wa tsoho, ya gane, ba a yi asarar ko buhu guda ba. Sai dai muryar da ke cikin saƙon ta wani Bakano ce da bai taɓa shan ruwan Galmi ba.

Wani zai ce wannan bai kai abin ɗaga murya ba, kuma da shekara goma baya ne da na yarda da shi. Abin da ya sauya lissafin ya faru a ƙarshen Maris 2025, lokacin da sabon kundin sake gina ƙasa na gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Idan maganar ta tashi daga takarda ta zama aiki, za a rubuta Hausa a Nijar da yawan da ba a taɓa yi ba, tun daga sanarwar magajin gari har allon aji. Hakan kuwa ya zo daidai lokacin da mafi yawan abin da mutane ke rubutawa yake ratsawa ta ƙarƙashin wancan layi, ko ta hannun manyan ƴan'uwansa irin su ChatGPT, wanda aka saki a Nuwamba 2022. Don haka mutanen Alela da Ƙonni da Malbaza da Illela suna da haƙƙin tambaya: wace Hausa ce za ta zauna a takarda, wa kuma ya zaɓe ta?

Baki ɗaya, hannu huɗu

Tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Nijeriya tafiyar ƴan mintoci ce a kabu-kabu. (Illela biyu ce, baƙo ya kiyaye: akwai ta jihar Sakkwato da ke bakin iyaka, akwai ta arewa inda fadar Sarkin Adar take.) Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai cika kilomita 100 ba, Yamai kuwa ta haura 400. Mutanen ɓangarorin biyu baki ɗaya gare su, Hausar yamma, wadda ke cewa "biyat" da "zamna" da "ɗiya" da "wanga". Da an ce a rubuta, sai hannu ya rabu.

Wanda ya tashi a makarantar allo zai ɗauki ajami. Wannan shi ne tsohon hannu, kuma ba baƙo ba ne a yankin: a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma waƙoƙin Hausa da zuriyarsa suka bari, irin na Nana Asma'u, da ajami aka rubuta su, da bakin yamma. Wanda ya yi lakwal, wato makarantar Faransanci, a gaban mushe zai rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, ya ce "sannou", "tchikin", "na godé". Wanda ya saba da littattafan Kano da shafukan Nijeriya zai bi bokon can. Na huɗu shi ne rubutun da gwamnatin Nijar ta tsayar a hukumance, mai harafin ƴ inda Nijeriya ke sa waƙafi kafin y, wanda galibi malaman yaƙi da jahilci da na makarantun harshe biyu suka fi iyawa. Irin waɗannan makarantu tun 1973 aka soma gwada su, daga Damagaram, amma ba su taɓa zama su ne mafi yawa ba.

Daidaita rubutu ba sabon abu ba ne, kuma ba laifi ba ne. Hanns Vischer, wanda ake ce wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 Rupert East da ma'aikatansa a Zariya suka tabbatar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai wannan Hausa lungu-lungu. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama a Yamai a 1980 don a kusanto da rubutun ƙasashen biyu, sannan Nijar ta fitar da dokarta a 1999. A duk wannan tafiya Hausar Kano ce aka ɗauka ginshiƙi, mutanen yamma suka haƙura da ganin bakinsu ana kiran sa "karin harshe".

Amma dubi yadda aka yi. Mutane ne masu suna suka zauna, suka yi gardama, wasu suka tashi da fushi. Bayan Bamako Nijar ta yi shekaru tana ninka wasali don nuna tsawonsa, daga baya aka ga ba ya ɓullewa aka bari. Ko ƙamus ɗin Bargery na 1934, duk da Bature ne ɗan mishan ya haɗa shi, cike yake da kalmomin da aka yi wa alamar na Sakkwato ne ko na Katsina, don mai shi ya san harshen ya fi gari ɗaya faɗi. Ƙa'idar da aka yi a taro ana iya warware ta a wani taron. Layin saman madannai bai zauna da kowa ba, ba shi da adireshin da za a kai masa ƙorafi, kuma yana aiki a aljihun kowa dare da rana.

A ina na'ura ta koyi Hausarta?

Ba wani siddabaru a cikin abin. Ana tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa a ba kwamfuta, ita kuma ta ƙididdige wace kalma ce ta fi bin wace. Idan ka rubuta "ina", ta san "kwana" da "wuni" da "son" sun fi zuwa. Tsofaffin Nokia na ƙarshen shekarun 1990 suna da ƙaramin irin wannan, T9, mai cinkar kalma daga lambobin da aka danna. A 2015 Google ya fito da amsoshin da aka riga aka shirya wa mai karanta imel, ya taɓa ɗaya kawai ya aika. Injiniyoyinsa da kansu sun ba da labarin cewa samfurin farko ya nace da ba da shawarar a amsa kusan kowane saƙo da "ina ƙaunarka", don ya ga jimlar na shiga ko'ina. A 2018 aka ƙaro mai ƙarasa jimla tun kana tsakiyar rubuta ta. Manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yau jikokin wannan dabara ne, sai dai su shafi guda suke cika maka.

Duka dai abin da aka ciyar da su shi suke amayarwa, kuma ɗabi'arsu ce su fifita abin da ya fi yawa. To wace Hausa ce ta fi yawa a intanet? Ta ɗakin labarai. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da DW da Muryar Amurka da RFI, da jaridun Nijeriya irin su Aminiya, sai Wikipedia da fassarar littattafan addini. Hausa ce mai tsabta, amma da yawanta fassara ce daga Ingilishi, ana yin ta cikin gaggawa kafin lokacin labarai ya cika, kuma zancenta na shugabanni ne da hare-hare da ƙwallon ƙafa. Ba ta san cinikin rago a kasuwar Badagishiri ba. Masu bincike Hausawa, irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa na HausaNLP da Masakhane, sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattaro maganar mutane ta yau da kullum daga Twitter, sai dai ita ma galibinta ta biranen Nijeriya ce. Akwai kuma wata matsala da masu bincike na kamfanin Amazon suka nuna a farkon 2024: wani babban kaso na abin da ke intanet da harsunan da ba su da rubutu mai yawa, na'ura ce ta fassara shi tun farko. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, kuma shafuka da yawa da ke ɗauke da "Hausa" a yau aikinsa ne ko na ire-irensa, ba wanda ya bi ya duba.

Wani lokaci giɓin ba na salo kaɗai ba ne, yana taɓa aljihu. A kasuwar Ƙonni kuɗi da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya sefa 5. Wanda ya ce "ɗari" sefa 500 yake nufi, "jikka" kuwa 1,000. Manhajar da ta yi karatu a labaran rediyo dala ɗaya ta sani, ta Amurka. Ba ta saƙon ɗan kasuwar Tsarnawa ta fassara wa dillali a Akra, ka ga farashin da za ta yanka.

Abin takaici, an rubuta Hausar yankin nan da kyau. Bernard Caron ya wallafa nahawu da jerin kalmomin Hausar Adar a 1991. Amma da Faransanci ne, a Balin aka buga shi, kuma littafi ɗaya na masana ba ya nauyi a ma'aunin da ke auna kalma da miliyoyi.

Abin da aka gani a wasu wurare

Ba a kan Hausa aka yi manyan gwaje-gwajen ba, amma abin da suka nuna ya isa a yi tunani. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard suka sa mutane su bayyana hotuna a rubuce, wasu da shawarar madannai, wasu babu. Masu shawarar sun rubuta gajerun bayanai, kuma kalmomin da na'ura ba ta zata ba sun ragu a cikinsu. A 2023 wani gwaji na Jami'ar Cornell da mutane sama da 1,500 ya gano cewa in aka karkatar da mataimakin rubutu zuwa wani ra'ayi, masu amfani da shi na bin sa a rubutunsu, har ma a ra'ayin da suke faɗa bayan an gama.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ma daga Cornell ya fito. An ɗauki mutum 118, wasu Indiyawa wasu Amurkawa, aka ce su rubuta game da abincin da suka fi so, da bikin da suka fi so, da makamantansu. Da shawarar na'ura ta shigo, sai rubutun Indiyawan ya soma kama da na Amurkawa. Mai shirin rubuta abincin gidansu sai ya ga an miƙo masa fiza, mai shirin ambaton bikin garinsu a miƙo masa Kirsimeti. Da yawa sun ƙi, sun goge, sun gyara, wato sun biya harajin lokaci da Ba'amurke bai biya ba. Inda suka karɓa kuma, bayanin ya zama irin wanda baƙo zai yi wa baƙo, ƙananan abubuwan da ɗan gida kaɗai ya sani suka zube.

Sai gwajin Anil Doshi da Oliver Hauser na Ingila, wanda mujallar Science Advances ta buga a 2024. Mutum kusan 300 suka rubuta gajerun labarai masu jimla takwas. Waɗanda suka sami dabara daga na'ura, musamman masu ƙarancin ƙwarewa, an yaba labaransu fiye da na sauran. Amma da aka jera labaran, na masu na'urar sun fi kama da juna. Kowa ya ci riba shi kaɗai, jama'a ta yi asara a dunƙule, kuma ba wanda zai ji asarar a jikinsa balle ya daina.

Wani abin dariya ya faru a Afrilun 2024 da ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Paul Graham, wani attajirin fasaha, ya rubuta cewa in ya ga kalmar Ingilishi "delve" a saƙo ya san ChatGPT ne ya rubuta. Ƴan Nijeriya suka yi masa ca, suka ce su tun a makaranta suke amfani da ita. Ka ga na'ura na iya ɗaukar kalmarka ta tauna ta har a daina yarda taka ce.

Inda marubuci ke tsayawa

Kada mu yi wa kanmu ƙarya: Bahaushe na son magana shiryayya. Gaisuwarmu kowa ya san amsarta tun ba a gama ba. Wasiƙun da ƴan lakwal ke rubuta wa iyayen masu ci-rani a da, masu zuwa Abijan ko Libiya, duk da "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri" suke farawa. In salula ta ƙarasa wannan, ba abin da ya ɓace, an ma huta. Makaɗan baka ma da shiryayyen abu suke aiki. Ƴan amshi sun san inda za su faɗo, kirari yana da tsohon gini, karin magana gadon kowa ce.

Fasaha na zuwa ne a wurin da mai magana ya kauce wa abin da kunne ke jira. Abin da ya sa har yau ake sauraren Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗan Gurmu na Tawa shi ne ba ka iya cinkar abin da za su faɗa gaba, ko da ka san gangar. Na'ura kuwa an gina ta ne ta ba ka abin da aka fi zata. A ganina nan haɗarin yake, a ƴar daƙiƙar nan da mai rubutu ke dakatawa yana laluben kalma. A da, wannan shirun nasa ne. A cikinsa yake tuno yadda kakarsa ke faɗar abin, ko ya ƙago wata magana da ba a taɓa ji ba. Yanzu kafin ya laluba an ajiye masa uku a gaba, masu kyau daidai gwargwado. Ƙin abu maras kyau ba wuya. Ƙin abu mai dama-dama, sau ɗari a wuni, shi ne ba kowa ke iyawa ba.

Marubutan littattafan Hausa na intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, su suka fi kusa da wannan gwaji. A salula suke buga labari, shafi-shafi, su saki a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu na matsa masu lamba kullum a kawo ci gaba. Makarantansu a Nijar suna da yawa, har wasu marubutan kan ware hanyar da ƴan Nijar za su biya da sefa. Budurwar Malbaza da ta tashi da karanta waɗannan littattafai, in ta ɗauki salula za ta rubuta nata, da Hausar Kano za ta fara tun kafin na'ura ta sa baki, don ita ta gani a rubuce. Madannai su ƙara tura ta can. In kuma ta gaji ta ce wa manhaja ta ƙarasa mata babi, za ta sami labari mai santsi wanda uwa da ɗiya da kishiya duk da baki ɗaya suke magana, kamar masu karanta labaran ƙarfe takwas.

Akwai kuma abin da ladabin na'ura ba ya ɗauka. An horar da waɗannan manhajoji su guji zagi da cin fuska, kuma da dalili. Amma wasan barkwanci na Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014, da harshen zagi ake yin sa. Abin da Bagobiri zai faɗa wa Bazabarme a tasha, kowa na dariya, in ka rubuta shi ka ba manhaja ta "gyara", za ta dawo maka da gaisuwar ofis. Haka habaici, haka zambo. Ma'anarsu na ga wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, na'ura kuma ba ta san ko ɗayansu ba.

Mai bin hanyar Tawa yana iya ganin bambancin da idonsa. A Malbaza akwai masana'antar siminti tun shekarun 1960, kuma ba mai hankalin da zai raina bulo: yana da sauri, yana jure ruwa, kowanne daidai da ɗan'uwansa. A Yama kuwa, cikin ƙasar Illela, akwai masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962, daga baya ya ɗora masa hasumiyoyi huɗu, ba wadda ta yi kama da wata. Masallacin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Gari na buƙatar bulo, amma in kowane yaro a gidan bulo ya koyi gini, ba a san daga ina wani Falke zai fito ba.

Murya, da abin da ba ta bari a baya

Da wannan duka, ba na cikin masu cewa Hausar Adar da Ƙonni na bakin kabari. Abin da ke kare ta a yau shi ne abin da ake kuka da shi, ƙarancin karatu. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba, don haka yawancin zumunci da ciniki da saƙon murya ake yin su, abin da matasa ke ce wa vokal. WhatsApp ya ce a 2022 ana aika irin waɗannan saƙonni biliyan 7 a kowace rana a duniya. A nan babu layi mai gurbi uku. Inna a Alela za ta danna ta yi wa ɗanta da ke Kwatano faɗa na minti huɗu da bakinta na gado, da karin magana da komai, ba mai gyara mata.

Sai dai wannan kariya tana da kuɗinta. Abin da aka faɗa da murya ba ya shiga rumbun da na'ura ke karatu a ciki. Hausa mafi daɗi na yawo a iska ta wuce, wadda aka rubuta da taimakon madannai ita ke zama a intanet, ita kuma za a kwasa a horar da na'urar gobe. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2024 ya nuna abin da ke faruwa in aka riƙa ciyar da manhaja da abin da manhaja ta rubuta: abubuwan da ba su da yawa, na gefe-gefe, su ke fara ɓacewa. A rumbun Hausa, mu ne na gefen. Ita kanta maganar baka ba ta tsira gaba ɗaya ba, don masu bincike a cibiyar Max Planck ta Jamus sun bi dubban jawabai a YouTube suka ga kalmomin da ChatGPT ya fi so sun ƙaru a bakin masu magana bayan fitowarsa.

Ga mai koyon rubutu kuwa, abin na da fuska biyu. Madannan Hausa sun kawo ɓ da ɗ da ƙ da ƴ hannun mutanen da ba su taɓa ganin su a lakwal ba, kuma wanda ke jin kunyar kuskure na samun ƙarfin halin aika saƙo. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma akwai darasi a wani shiri da aka fara a 2009 a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram, wanda Jenny Aker, tana Jami'ar Tufts a lokacin, ta bibiya. Manyan da aka haɗa masu karatun yaƙi da jahilci da koyon aika saƙo a ƙaramar salula sun fi sauran ci a jarrabawar rubutu da lissafi. Waɗancan salulolin ba su san Hausa ba, dole ɗalibi ya nemo kowane harafi da kansa. Ina zaton a wannan wahalar karatun ya zauna, kuma malamin da zai ba ɗaliban yau salula ya kamata ya fara kashe masu shawarar har sai hannu ya faɗa. Ana iya yin hakan a saitin madannai, kamar yadda ake iya koya masu kalmar gida in aka nace da buga ta.

Wannan dai maganin mutum ɗaya ne. Babban aikin shi ne bakin yankin ya shiga rubutu da yawa, kuma kayan aikin na nan. Jami'ar Tawa, mai ɗauke da sunan Djibo Hamani wanda ya rubuta tarihin Adar, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, suna da ɗaliban da wannan Hausa ce suka sha a nono. Saƙonnin muryar mutane ba abin taɓawa ba ne, cike suke da bashi da sirrin gida. Amma shirye-shiryen gidajen rediyon yankin a fili aka yi su: masu buga waya su yi gaisuwa, sharhin kokowa, hira da manoman fadamar Ƙonni a kan ruwa da taki, tatsuniyar dare, wa'azi. Mayar da sa'a ɗaya ta irin wannan magana zuwa rubutu na cin sa'o'i da dama, kuma sai an biya mai yi. Sai an kuma yanke tun farko cewa za a rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada mai rubutawa ya "gyara" don a ce ya iya. Sannan a yi yarjejeniya a rubuce da gidajen rediyon da masu muryar a kan wa ke da mallakar abin, da abin da zai koma masu in wani kamfani ya zo nema. Kafin a kai can ma akwai matakin da ya fi gaggawa, don ƙananan gidajen rediyo ba kasafai suke da wurin ajiya ba, shirin jiya akan goge shi ne a ɗora na yau.